Fim na fita ta sifika shida, gem kuma ta biyu kawai: ina matsalar take?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana huɗu ke nan ina fama da wani abu, na ce bari in kawo shi nan ko Allah zai sa a dace. Ina da risiba ta sautin kewaye, wato na'urar da ke karɓar sauti ta raba wa sifiku, mai sifika biyar da wufa ɗaya, wadda yayana ya bar mini da ya canza tasa. Na haɗa ta da kwamfutata da wayar haske, wato oftikal, wadda ke fita daga bayan madabod. Idan na sa fim mai Dolby Digital, fuskar risibar takan rubuta Dolby D, 'yan akwatunan nan shida su kama, sauti ya cika ɗaki yadda ake so. Amma da na buɗe gem ko YouTube sai ta koma PCM, akwatu biyu kacal, hagu da dama. Na shiga saitin gem ɗin na zaɓi 5.1, wato sifika biyar da wufa ɗaya, sai abin ya ƙara dagulewa, maganar mutanen ciki ta kusa ɓacewa, sai ƙarar mota da kiɗa kawai nake ji. Na sayi sabuwar waya, ba ta sauya zani ba. Na sake sauke direba har sau biyu. Shin risibar ce ta tsufa, ko madabod ɗin ne?

Autan Mama:
Wa alaikumus salam Yaya. Duba rimot ɗin, akwai maɓallin Pro Logic II ko wanda ke watsa sitiriyo a duk sifikun. Danna shi duk za su yi magana. Ni haka nake yi tun da na sayi tawa.

Injiniya:
Auta, za su yi magana kam, amma ba abin da Malam yake nema ke nan ba. Mai watsa sitiriyo a duk sifiku kwafin hagu da dama kawai yake rabawa. Pro Logic II ya fi shi dabara, tun 2000 aka fito da shi, yakan duba layi biyun ya yi kirdadon abin da zai tura tsakiya da abin da zai tura baya. Amma kirdado ne. Idan gem ya ce ga mota nan tafe ta bayanka hannun hagu, ba wanda ya kai wa risibar wannan labari.

Baban Ummi, ka kwantar da hankalinka, babu abin da ya lalace a kayanka. Wayar haske tana aiki ne da tsarin S/PDIF, na Sony da Philips, kan wayar kuma Toshiba ce ta fito da shi a 1983. A lokacin ba a yi shi don komai ba sai ɗaukar layi biyu na sauti ɗanye, wato PCM wanda ba a matse ba, kamar na faifan CD. Mu yi ɗan lissafi. Sauti mai samfur 48,000 a daƙiƙa, kowane samfur bit 16, layi biyu, ya kama bit 1,536,000 a daƙiƙa. Layi shida ɗanye zai kama 4,608,000, tsarin kuma ba shi da gurbin da zai jera layi shida haka. To yaya aka yi fim ke wucewa? Saboda sautin fim an riga an matse shi tun a wurin haɗa shi. Dolby Digital ba ya wuce kilobit 640 a daƙiƙa, a DVD ma 448 ne iyakarsa, DTS kuma, wani tsarin matse sauti irinsa, wajen megabit 1.5. Sai a cusa wannan ƙunshin a gurbin layi biyun nan, ya isa risiba, ita ta kwance shi ta raba wa kowace sifika nata. Fitilar Dolby da kake gani alama ce ta cewa ƙunshi ya iso kuma ta kwance.

Gem ba haka yake ba. Sautinsa a nan take ake haɗa shi, gwargwadon inda ka juya da abin da ke faruwa. Ba wanda ya matse shi tun da farko, don haka ɗanye yake fitowa, ɗanye kuma layi biyu ne kawai ke iya bin wayar haske. Maganar da ta ɓace maka ma dalilinta ke nan. Da ka zaɓi 5.1, gem ya zuba maganar a layin tsakiya, layin tsakiyar kuma bai samu hanyar fita ba.

Baban Ummi:
Allah ya saka da alheri Injiniya, yanzu na fara ganin haske. To YouTube fa?

Injiniya:
Wannan kar ya dame ka. Mafi yawan bidiyon da ke can da layi biyu aka ɗora su. Ko da wace waya ka haɗa, biyun za ka samu. A nan ne shawarar Auta ke da amfani. Abin da nake so ka duba mana shi ne bayan risibar, akwai ramukan HDMI masu shiga?

Baban Ummi:
Akwai huɗu masu shiga, ɗaya mai fita. A takardarta an rubuta HDMI 1.4.

Kawu:
Kafin ku tura shi wata hanya, bari in sa baki. Ni shekaru na yi ina wasa da sautin kewaye ta wayar haske, ban taɓa jin na rasa komai ba. Akwai abin da ake kira Dolby Digital Live, akwai kuma DTS Connect. Aikinsu shi ne su karɓi layi shidan nan na gem su matse su nan take, su tura ta wayar haske kamar na fim. Katin sauti na Creative nake amfani da shi, yana da duka biyun. Kuma wayar haske tana da wata falala da matasa ba sa lura da ita: babu ƙarfe a cikinta, haske ne kawai ke wucewa. Ba ta ɗauko gunjin wutar lantarki daga kwamfuta zuwa risiba. Wanda ya taɓa kwana yana neman inda gunjin nan na "mmmm" ke fitowa ya san darajar wannan.

Injiniya:
Kawu, ranka ya daɗe, duk abin da ka faɗa haka yake. Inda muka rabu shi ne wannan bawan Allah yana da HDMI a hannu. Tun fitowarsa ta farko a ƙarshen 2002, HDMI yana ɗaukar layi takwas ɗanye, har zuwa samfur 192,000 da bit 24. Me zai sa ya sayi kati don ya matse sauti, a zubar da wani ɓangare nasa, a ƙara masa ɗan jinkiri, alhali ga hanyar da za ta kai shi cikakke? Dolby Digital Live kuma lasisi ne, sai kamfanin da ya biya ne ke kunna shi a direbansa. Yawancin madabod ba su da shi, shi ya sa ya sauke direba sau biyu bai ga komai ba.

Kawu:
A zubar da wani ɓangare, na yarda, a takarda. Amma ka rufe ido a kunna maka kilobit 640 da ɗanyen a tsakiyar gem, ka rantse za ka bambance? Ni dai kunnena bai kai can ba, kuma na gwada ba sau ɗaya ba. Sannan ka gaya masa gaskiyar wahalar da ke tattare da HDMI ɗin, kar ka ɓoye.

Ɗan Gem:
Ni jinkirin ne ya kore ni daga Dolby Digital Live, ba ingancin sauti ba. Kaɗan ne ƙwarai, a fim ko gem na labari ba za ka ji ba. Amma a gem na gasa, inda takun ƙafa ke gaya maka ta inda mutum zai ɓullo, na ji shi a jikina. Sai kuma gargaɗi ɗaya ga Baban Ummi: za ka ci karo da direbobin da wasu suka yi wa kwaskwarima don su buɗe Dolby Digital Live a madabod da ba shi da lasisi. Don Allah kar ka sa su. Wasu sai ka kashe kariyar da Windows ke yi wa direbobi kafin su shiga, ba ka san abin da aka cusa a ciki ba, kuma sabuntawa ɗaya na iya rushe komai.

Injiniya:
Kawu ya yi gaskiya, bari in faɗi wahalar tun yanzu. HDMI ba ya ɗaukar sauti shi kaɗai. Sautin a cikin siginar hoto ake saƙa shi, a 'yan giɓin da ke tsakanin layukan hoton. In babu hoto, babu sauti. Saboda haka kwamfuta za ta ɗauki risibarka a matsayin allo. Hanya mafi sauƙi ita ce kwamfuta zuwa risiba, risiba zuwa monita. Wane irin monita gare ka?

Baban Ummi:
1440p ne, mai 144 Hz. Da DisplayPort yake haɗe da katin hoto.

Injiniya:
To kar ka bi da shi ta risiba, ta zamanin 1.4 ba za ta wuce da wannan hoton ba, za ta dawo da kai 1080p da 60 Hz. Bar monitarka yadda yake. Ɗauko wayar HDMI daban, daga katin hoto zuwa ɗaya daga ramukan shiga na risibar. Ka kunna risibar ka zaɓi wannan ramin. A saitin allo na Windows za ka ga allo na biyu ya bayyana, ka zaɓi faɗaɗawa. Wasu na zaɓen kwafi, amma kwafi kan ja monitarka ƙasa zuwa abin da risibar ke iyawa. Ka bar allon nan na biyu a 1080p ko 720p, kar ka rage shi ƙasa da haka, domin faɗin hanyar sauti ya danganta da na hoton.

Daga nan danna maɓallin Windows da R, rubuta mmsys.cpl. A jerin na'urorin sauti za ka ga sunan risibar, a ƙarƙashinsa NVIDIA ko AMD High Definition Audio, gwargwadon katinka. Mai da ita ta dindindin, danna Configure, zaɓi 5.1 Surround, danna Test. Ya kamata ƙararrawa ta zagaya sifika ɗaya bayan ɗaya.

Baban Ummi:
Na yi duk wannan. Sunan risibar ya fito, sauti ma yana fita. Amma a Configure babu komai sai Stereo. Babu 5.1 ɗin sam. Gaskiya jikina ya fara sanyi.

Autan Mama:
Ko wayar ce ba mai kyau ba? An ce akwai masu bakin zinari da suka fi ɗaukar sauti.

Injiniya:
A'a Auta, waya ba ta zaɓen yawan layi. In ta kawo hoto da layi biyu lafiya, za ta kawo shida. Windows ba ya ƙirƙirar wannan jerin da kansa. Duk na'urar HDMI tana da ɗan bayani da ake kira EDID, inda take gabatar da kanta ta ce ga hoton da nake iyawa, ga sautin da nake karɓa. Abin da risiba ta faɗa shi Windows ke nunawa. Yanzu tambayar ita ce me ya sa take cewa biyu kawai take karɓa. Baban Ummi, akwai wani abu a ramin HDMI mai fita? Kuma shiga menu na risibar, sashen HDMI, nemi wurin da ake zaɓen inda sauti zai fita. Yawanci zaɓin shi ne AMP, wato risibar kanta, ko TV, wasu kuma duka biyun.

Baban Ummi:
Akwai wata 'yar tsohuwar talabijin a ramin fitan, da ita nake ganin menu ɗin. Zaɓin kuma a kan TV+AMP yake. Ashe haka Yaya ya bar ta.

Injiniya:
Ga ɓarawon nan. Muddin tana kan wannan zaɓi, risibar na ƙoƙarin karɓo sautin da ita ma talabijin za ta iya kunnawa, talabijin kuma biyu ta sani. Mai da shi AMP kaɗai, kashe risibar ka kunna, ka sake buɗe Configure.

Maman Khairat:
Sannunku da ƙoƙari. Kafin ya dawo, ni ma ina da irin wannan. Tawa kwamfutar da talabijin take haɗe, talabijin kuma ke mayar da sauti ga risiba ta ARC, wato hanyar da sauti ke komawa baya ta wayar HDMI. Fim a manhajar Kodi yana ba ni 5.1, amma Windows biyu yake nuna mini. Ciwo ɗaya ne?

Injiniya:
Hajiya, kusan ɗaya ne. ARC ya zo ne da HDMI 1.4 a 2009, kuma faɗinsa bai wuce na wayar haske da wani abin kirki ba: layi biyu ɗanye, ko matsattsen Dolby da DTS, wasu talabijin har da Dolby Digital Plus. Wanda ke ɗaukar layi shida ko takwas ɗanye shi ne eARC, da ya zo da HDMI 2.1 a 2017, kuma sai talabijin da risiba duk suna da shi, sannan a kunna shi a saitin talabijin, a sa sautin dijital ya wuce yadda ya zo. In naki ARC ne zalla, ki juya tsarin: kwamfuta ta fara shiga risiba, risiba ta miƙa hoto ga talabijin. In fim kawai kike kallo, ki bar shi yadda yake, ba ki da matsala. Abu ɗaya za ki rasa, Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio na Blu-ray ba sa bin ARC. A Kodi, in kika sa yawan layi a 2.0 kika kunna miƙa sauti kai tsaye, akwai zaɓin da ke mai da sauran nau'o'in sauti zuwa Dolby Digital, ki kunna shi don fina-finai masu sauti nau'in AAC mai layi shida.

Maman Khairat:
Fim ne kawai da karatun yara. Zan bar shi, in kunna wancan zaɓin. Na gode ƙwarai.

Baban Ummi:
Alhamdu lillahi! 5.1 ya fito, har da 7.1. Na danna Test, ƙararrawa ta bi gaba hagu, tsakiya, gaba dama, ta zagaya baya, wufa ma ta yi gurnani. Amma akwai abu biyu. Na farko, fuskar risibar yanzu ba ta rubuta Dolby ko a fim, sai Multi Ch PCM. Na ji kamar na yi asara. Na biyu, linzamina yakan fice ta gefen dama ya ɓace, ɗazu ma wata manhaja ta buɗe a can inda ba na gani.

Kawu:
Abin da na ce a gaya maka ke nan. Da wayar haske ba ruwanka da allon fatalwa.

Injiniya:
Na farkon ba asara ba ce, ka saki ranka. A da risiba ce ke kwance ƙunshin, yanzu kwamfuta ce ke kwancewa ta turo layi shida a warware. Abin da ke isa sifika ɗaya ne, a gem kuma yanzu ne ma kake samun cikakken. In kana son fitilar ta dawo a fim, shiga VLC ko Kodi ko MPC-HC ka kunna miƙa sauti kai tsaye ta HDMI, kuma ka tabbata a kaddarorin na'urar a mmsys.cpl an bar wa manhajoji damar riƙe ta su kaɗai. Risibarka ta wuce 1.3, wanda tun 2006 ya kawo ɗaukar TrueHD da DTS-HD, don haka da alama su ma za ta kwance su. Ka sani dai, yayin da fim ke riƙe da hanyar, ba za ka ji sauran sautukan kwamfuta ba, kuma ƙara da ragewa sai da rimot ɗin risiba.

Na biyun, Kawu ya ci wannan, babu maganin da ya kashe shi gaba ɗaya. Abin da nake yi shi ne a saitin allo in ja akwatin allo na biyu in ajiye shi a kusurwa, ƙasa ta dama, yadda kusurwarsa kaɗai ce ke taɓa ta monita. Linzami ba ya samun ƙofar fita sai da ƙyar. In taga ta ɓace can, riƙe Windows da Shift ka danna kibiyar hagu, za ta dawo. Kuma ka riƙa kunna risiba kafin kwamfuta. In ka kashe ta a tsakiyar aiki, Windows zai ga kamar an zare allo, ya yi ƙyaftawa ya mayar da sauti wani wuri.

Ɗan Gem:
Ƙari kaɗan. Kar ka zaɓi 7.1 don ka gan shi a jeri. Sifika biyar gare ka, ka tsaya a 5.1, in ba haka ba gem zai riƙa tura sauti layin da babu kowa. Kuma a shafi na gaba na Configure, inda yake tambayar sifiku masu ɗaukar kowane irin amo, ka yi musu alama duka. Bar risiba ta yi rabon bes da kanta. A cikinta ka sa sifikun a Small, mahaɗar bes, wato iyakar da amon da ke ƙasa da ita ke tafiya wufa, a 80 Hz, sai dai in ƙanana ne sosai ka ɗaga zuwa 100 ko 120. In Windows ya yanka, ita ma ta yanka, sautin zai fito ba nauyi.

Mai Linux:
Ga wanda zai karanta wannan daga baya yana kan Linux: buɗe pavucontrol, a shafin Configuration zaɓi Digital Surround 5.1 na HDMI, sannan ka gwada da speaker-test -c 6 -t wav. Murya za ta kira sunan kowace sifika. Maganar EDID da allon fatalwa duk ɗaya ce a nan ma.

Kawu:
To tunda an gama da nasa, bari in ajiye wata hanya ta uku don masu tsofaffin risiba irin tawa da ba su da HDMI. Ku duba baya ko akwai ramuka shida a jere da aka rubuta Multi Ch In. In akwai, madabod mai ramukan sauti masu launi zai iya ciyar da ita ba tare da matsewa ko jinkiri ba. Kore na gaba hagu da dama, baƙi na baya, ruwan lemo na tsakiya da wufa. Waya uku ake buƙata, kowace mai ƙaramin kai na 3.5 a gefe ɗaya, jan kai da fari a ɗaya gefen. In ka ji maganar fim na fitowa daga wufa kamar mutum a cikin rijiya, ka musanya kawunan wayar ruwan lemon, sun juye ne. Illarta biyu. Yawancin risiba ba sa yin rabon bes a wannan ramin, sai ka yi shi a kwamfuta, wufa kuma kan fito da rauni har sai ka ƙara mata wajen desibel 10. Sannan gunjin da na ambata na iya biyo ta. Gunjin ne ma ya sa na koma wayar haske.

Injiniya:
Wannan ƙarin ya yi, Kawu. Sababbin risiba da yawa sun daina zuwa da waɗannan ramukan, amma ga mai tsohuwa, ni ma ita zan fara gwadawa kafin a sayi kati.

Baban Ummi:
Na dawo da rahoto. Na ja allon zuwa kusurwa, linzami ya daina guduwa. Na bar shi a 5.1, na sa sifikun a Small da 80. Na kunna miƙawa kai tsaye a VLC, Dolby D ta dawo a fuskar risiba, wani fim ɗin ma ya rubuta DTS-HD, abin da ban taɓa gani a kanta ba. Da na buɗe gem ɗin tseren mota, Ummi na zaune kusa da ni a kan tabarma. Wata mota ta taho ta bayanmu hannun hagu, sai yarinyar ta waiwaya da sauri ta kalli bango, ta miƙe ta je ta ɗora kunnenta a jikin sifikar. Maganar mai ba da umarni kuma ta dawo tsakiya, tar da ita. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Kawu har da kai, gargaɗinka ya sa ban firgita da allon ba.

Saura abu ɗaya ƙarami. In an ɗan jima shiru sai sauti ya taso, kamar na shigowar saƙo, farkonsa yakan yanke, rabin daƙiƙa haka.

Injiniya:
Amin, madalla. Wannan yankewar daga risibar take. In kwamfuta ta daina turo sauti sai ta saki layin, in ya dawo kuma sai ta ɗan ɗauki lokaci kafin ta gane nau'insa ta kama. Fara duba saitin ramin da ka sa wayar, in akwai inda ake zaɓen nau'in sigina, wasu risiba kan kama da wuri in an ɗaure su a PCM, sai dai hakan zai hana Dolby da DTS ɗin da ka kunna a VLC, don haka sai ka zaɓi wanda ya fi maka. Ɗaya hanyar ita ce 'yar manhaja da ke turo shiru ba yankewa don layin ya zauna a buɗe. Gwada saitin risibar tukuna, ka gaya mana abin da ta rubuta a fuskarta.